Hancin Ƙudan Zaitun

A Iraklion, ƙarfe tara na dare,
na tsinke kan ƙuda da hantsaki,
na busar da shi,
na yi masa turare da ƙurar zinariya,
siririya, ko tururin baki ya fi ta kauri.
Ɓarawon da ya cinye gonar ubana
yau shi ke sanye da gwal.

Na kulle shi a akwatin da aka zuƙe wa iska.
Allo ya yi duhu, ya yi toka-toka,
sai ga ƙaho ya ɓullo,
ƙahon da ido ke raina wa kamar ƙwayar gishiri
ya zama tudu, tudu ya zama kurmi.

Ga dogayen gashi masu tsini, sun kwanta gefe guda
kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kai.
Ga gajeru masu kan taɓarya.
Ga wasu kamar kulki, sun taru a gindi
sun haɗa kai kamar masu gulma.
Can cikin rami wani ɗan turke ya laɓe,
jikinsa duk tsaga.
Na ƙara girma sau dubu ashirin:
ashe gashin nan rariya ne,
huda bayan huda,
ta nan ƙamshi ke shiga babu sallama.

Baba Manusos bai taɓa ganin wannan ba.
Abin da ya sani ɗigo ne a fatar zaitun,
da tsutsa a ciki tana haƙa hanya,
da man da ya yi tsami a harshen mai saye,
da farashin da ya faɗi a Nuwamba.
A Zaros yakan rataye kwalaben tarko a rassa,
ya zuba musu ruwa mai wari,
ya zagi ƙuda har kakan kakansa.

Ya bugo waya ina tsakar ƙirga.
"Ebdokiya, kin gano lagonsa?"
Na ce, "Ina kan ɗari huɗu da sha bakwai, Baba."
"Na me?"
"Na hanci."
Ya yi shiru. Ina jin akuya a bayansa.
Ya ce, "Uwarki da guda ɗaya tak
take gane na kurɓi giya tun ina bakin ƙofa."

Muka yi dariya. Lissafi ya ɓace.

Na koma farko. Ɗaya. Biyu.
Kan nan na tamata ne.
Da waɗannan ta tsinto itacenmu cikin iskar Karita,
ta ware wanda ya kai da wanda bai kai ba.
Ni da digiri biyu
sai na latsa, sai na ciza, nake sani.

Gobe zan rubuta tsawo da faɗi,
in jera su a layi, in sa hannu.
Mai gadi ya kashe fitilar baranda.
Na kai yatsu kusa da fuska don in murje ido,
sai na ji lemon da na ɓare tun azahar.
Yana nan duk yinin nan.
Ni ce ban ji ba.