Kwana Uku a Bakin Ramin Kuza

Inda kwalta ta gaji ta tsaya, can bayan Bukuru,
muka bi jar hanya tsakanin shingen ƙerana,
motar Dalyop tana tari kamar tsohon mashayin taba,
har waya ta haƙura ta daina nemana.
Sai ga bukkoki tara sun yi sahu a bakin ruwa.

Tawa ce ta bakwai. Jinka a sama, tayil a ƙasa,
bargo biyu, fitilar sola, gidan sauro ba sauro,
sanyin Jos ya sallame su tun kafin in zo.
Na biya kuɗin buhun masara uku
don in ji abin da kakata ta ji a kyauta:
kwaɗi, gyare, da shirun dawa.

Da safe Ngo Kaneng ta kawo gwaten acca yana turiri.
Ta ce, "Ki rufe taga in za ki fita,
gwaggon biri ba ya sallama.
Jiya ya ɗauke wa wani baƙo burodi da tabarau,
ya hau dutse ya harɗe kamar alƙali
yana jiran a ɗaukaka ƙara."
Har gwaten ya huce muna ƙyaƙyatawa.

Dalyop ba kallon daji yake ba, karanta shi yake:
nan gada ta sha ruwa, nan dila ya bi ta ya fasa,
wannan kashin rema ne, waccan ƙayar beguwa.
Na ce, "Ina zaki?"
Ya ce, "Yana jikin takardar talla."
Barewa ɗaya muka gani, ita ma rabinta,
kunne biyu da wutsiya, ciyawa ta haɗiye saura,
amma zuciyata ta yini tana bugawa.

Rana ta biyu muka shiga kwalekwale.
Ruwan kore shar, ba ya nuna gindinsa.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.
Na tsoma hannu, na ce, "Allah Ya yi tafki."
Dalyop ya ɗaga filafili, ruwa na ɗiga:
"Allah Ya yi ruwan, Hajiya.
Ramin kam, mutane suka tona. Kuza."
Sai sanyin ya bar yatsuna yana hawa, yana hawa.

Kakana Jatau.
Daga ƙauyenmu aka ƙirga shi cikin mutum arba'in,
a zamanin yaƙin da ba nasu ba.
Kwano a ka, laka har gwiwa,
'yan kwabbai ran Asabar,
riga ɗaya a wannan sanyi
da nake yaƙa da bargo biyu.
Ya koma gida da tari
da wata waƙa da ba ya ƙarasawa.

Ban san ko nan ne ba.
Ramukan sun fi a ƙirga,
ba kuma wanda aka rubuta sunan lebura a bakinsa.

Da daddare aka zubo ƙanƙara,
ta yi wa jinka luguden tsakuwa, ta wuce.
Na fito baranda, shayi ya mutu a hannuna.
Can ƙasa wani abu yana shan ruwa,
lak, lak, ya tsaya ya saurara, lak.
Tocila na aljihuna. Ban haska ba.
Wanda ya tona bai sha ba,
bari ko dabba ta sha ba fargaba, ba tsawa.

Ranar tafiya aka miƙo min littafin baƙi.
Wani ya rubuta, "Aljannar duniya."
Wata ta yi ƙorafin ruwan zafi.
Na daɗe biro na tsaye a kan takarda,
sannan na sa:
"Jatau, lebura. Jikarsa ta kwana uku, ta biya."

Dalyop na ta danna oda.
Na ce ya jira.
Na gangara, na cire takalmi,
na durƙusa yadda ake yi wa manya,
na yi gaisuwa.