Layi na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Ƙarfe ɗayan dare a Shefil.
Ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
taragon ƙarshe ya gangara tudu, fitilu a kunne, ba kowa ciki.
Shayina ya huce har ya yi fata.

Gethin ya turo gyara, layi ɗari uku,
ya ce, “Duba mini kafin Litinin.”
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Na dai san yana son gajerun sunaye,
kuma ba ya taɓa aiki sai ya kwantar da 'yarsa.

Manhajar nan rumfar kasuwa ce, ba ƙyaure.
Mai gyara da ɓarawo
shafi ɗaya suke karantawa.
Ba mai biyan mu ko sisi,
amma wani wuri wata mata na tura wa ɗanta kuɗin makaranta,
ba ta san kwaɗonmu ne a bakin jakarta ba.

Kwaɗon kuwa lanƙwasa ce kawai, mai kama da lauje.
Ka ɗauki ɗigo biyu a bayanta,
ka ja miƙaƙƙen layi, ya sare ta a wuri na uku,
ka kifa ɗigon ƙasa: ka yi taku ɗaya ke nan.
Yi ta yi, yi ta yi,
har adadin ya fi yashin gulbi.
Kowa na ganin inda ka tsaya,
ba mai iya cewa taku nawa ka yi.
Wannan adadin shi ne mabuɗi.

Na bi layukan a hankali,
yadda Goggo Asabe ke tsintar shinkafa a faifai,
yatsa ɗaya, ƙwaya ƙwaya.
Takan ce, “Buhu bai fasa haƙori, tsakuwa ɗaya ke fasawa.”

A layi na ɗari biyu da sha bakwai yatsana ya tsaya.

In ƙwayar sirri ɗaya ce, injin ya yi aiki biyu.
In sifili ce, ya tsallake, ya huta.
Lissafi daidai, gwaji duk ya yi kore.
Sai dai tsakanin aikin da hutun
akwai ɗan jinkiri, bai kai ƙiftawar ido ba,
kuma mai haƙuri, da agogo a hannu, kunne a bango,
zai ƙirga sawunmu ɗaya bayan ɗaya
har ya ƙera mabuɗin a ɗakinsa.

Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.
Na gyara zama, na rubuta:
“Wa ke barin sirri ya zaɓi hanya?
Wannan ko ɗan koyo...”

Kafin in aika na buɗe tarihin layin,
don in san ranar da aka yi ɓarnar.

Gethin matsar da shi kawai ya yi.
Sunan da ke gefe: Tanimu Maikano,
shekara huɗu baya, watan da na iso garin nan
da jaka ɗaya da rigar sanyi ta aro.
Mutum biyu suka duba, suka sa hannu.
Ni ma na yi barci lafiya a daren.

Laifi tudu ne, in ji mutanenmu,
ga shi na shekara huɗu a kan nawa ina hangen nesa.

Na goge kalmomin, harafi harafi.
Na rubuta: “Gyaranka ya yi kyau.
Akwai tsakuwa a nan, ni na zuba ta.
Kada mu faɗa a fili tukuna.
Mu sa ɗaya da sifili su riƙa tafiya da sawu iri guda,
ka duba nawa kamar yadda na duba naka.”

Sai yanzu na tuna ƙarshen aikin Goggo:
in ta gama tsinta ba ta zubawa a tukunya,
takan miƙa faifan ga na kusa da ita.

Biyu da kwata amsa ta shigo:
“Yarinyar ta farka. Turo, ina nan.”

Na tashi na ɗora ruwan wani shayin.