Awo a Saman Duluth

Mun sa wa Kyaftin Halvorsen hula mai wayoyi.
Ina kujerar baya, allo a cinya,
ina ƙirga bugun zuciyar da ba tawa ba.

Tamanin da biyu a saman tafki.
Ɗari da goma sa'ad da dusar ƙanƙara
ta haɗiye titin sauka.
Ido ya daina ƙiftawa.
Na'ura ta ce: minti uku,
kaya zai rinjayi mai ɗauka.

Muryarta kuwa, ko gezau.

Da muka sauka na nuna mata
inda layin ya yi tsalle.
"Nan ba iska ba ce," in ji ta,
"nan na tuna yau ake yi wa babana tiyata."

Na duba allon.
Babu gurbin uba.