Shafin Ungulu

Aji biyar nake riƙo a nan Kumo,
Karin magana ran nan na ce mu somo,
Kowa ya kawo ma'ana in ya samo:
"Jewar ungulu ba a banza take ba."

Shiru ya yi yawa, sai Hajjo ta miƙe,
Fensir a baki, littafi a riƙe:
"Malam, ita ungulun a ina take?
Ni dai tun da nake ban gan ta ba."

Na juya allo na zana ta da alli,
Wuya dogo, kai ƙwal yana ƙyalli,
Aji ya kwashe da dariya: "Ku kalli
Talo-talon Malam, bai yi ƙiba ba!"

Na yi dariyar, amma ta tsaya a wuya,
Yara arba'in da bakwai, babu ɗaya
Da ya san wadda muke kora da tsiya
Muna yara, ba mu san za ta tafi ba.

Ran kasuwa na jera su sai mahauta,
Inda da take cika rufi da danginta,
Kwano ya yi tsatsa, babu ko gashinta,
Sai ƙuda da karnuka, su ba su ragu ba.

Baba Manu ya ajiye wuƙa, ya goge hannu:
"Ku matso 'yan boko, ku ji a sannu,
Da, sai ta fizge hanji ana fiɗar shanu,
Mu zage ta, mu jefe ta, ba ta yi fushi ba.

"Sai ga masu buhu, wai kanta suke saye,
Aka barbaɗa guba a nama aka ajiye,
Ashirin na ƙirga da safe a shanye,
Kuɗin da aka samu bai kai Sallah ba.

"Rimin da take kwana an yi katako da shi.
Bara jaki ya mutu a rafi, warinshi
Kwana tara yana hana mu numfashi,
Mai sharar da Allah Ya ba mu ba ta zo ba."

Yila ya ja rigata, murya ƙasa-ƙasa:
"Kawuna na da kan guda a jakarsa,
Ya bushe ƙamas, yana rataye a ƙusa,
Malam, sa'ar ma har yau bai gani ba."

Na dafa kansa, bakina ya yi nauyi,
Ni ma na jefe ta, na san abin da na yi,
Sai na bar wa'azi, na nemo abin yi,
Yaro ba ya tsaron abin da bai sani ba.

Na sayo littafi, kowane tsuntsu da shafi,
Mu ƙirga na bayan aji, mu ƙirga na rafi,
Belbela ce kullum adadinta ya fi,
Hankaka ma bai taɓa fashin zuwa ba.

Bappa sarkin danƙo, mai idon shaho,
Shi ya gano cilakowa da sheƙa a kogo,
Sati uku yana gadi kada a taɓo,
Danƙon na aljihu, amma bai ɗana ba.

Shamuwa ta zo da ruwa, mun ja layinta,
Kurciya da hazbiya, kowacce da lissafinta,
Shafin ungulu fari fat, sai sunanta,
Zango biyu fensir bai taɓa shi ba.

Jiya ana tsakar darasi Bappa ya faɗo:
"Tana sama, ta hanyar Pindiga, ku fito!"
Har mai gyangyaɗin baya sai da ya taso,
Ni ko takalmina ban tsaya nema ba.

Ɗigo ne baƙi can ƙololuwa yana jewa,
Fiffike a miƙe, babu ko kaɗawa,
Ko ita ce, ko kuwa dai wata shirwa,
Idona ya tsufa, ban tantance ba.

Hajjo ta buɗe shafin da ya daɗe fari,
Ta rubuta "ɗaya" da guntun fensiri,
Ta ɗora alamar tambaya da sauri,
Na karɓa na duba. Ban goge ba.