Kwabon da Hannu Bai Taɓa Ba

Shekara talatin da ɗaya Anselmo na karɓar kuɗin fasinja
a taragon lantarki mai bin gaɓar Douro,
jakar fata a ƙugu, yatsu baƙi ƙirin da tagulla.
In na zo wanki, aljihunsa warin ƙusa yake a ruwa.
Ni ce Graciete, matarsa. Ni na san mafarin abin.

Mafarinsa gwangwanin kifi.
Wani eskudo ne na shekarar da bai taɓa gani ba,
ya ce bari ya ajiye. Kafin wata ya yi ƙanne.
Da ƙasa ta canja kuɗi, jama'a suka yi layi a banki,
shi kuwa ya bi maƙwabta ƙofa-ƙofa:
"Kada ku kai, ku kawo in duba."
Muka yi dariya. Mai ritaya ba ya rasa abin yi.

Gwangwani ya zama akwati,
akwati ya zama kabad mai aljihu goma sha biyu,
ciki shimfiɗe da karammiski,
kowane kwabo da ɗakinsa, da sunansa a 'yar takarda.
Mu da muka raini 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya.

Sai ya sayo gilashi mai ƙara girma.
Ranar ce barci ya yi mana sallama.
Wanda jiya ya sumbata, yau ya ga ƙarce a goshinsa.
Wancan bakinsa ya lotsa. Wannan an taɓa goge shi,
kuma gogewa, in ji shi, ta fi tsatsa laifi.
Duk Lahadi ya tafi dandali wurin Senhor Belmiro,
ya ba da biyar masu kyau,
ya karɓo ɗaya da ya fi su da abin da ba na gani.

Ya sa safar hannu fara kamar mai fiɗa.
Ya hana a soya kifi in kabad na buɗe.
Jikanmu Tomé ya yi atishawa daga bakin ƙofa,
aka yi kwana biyu ba a yi masa magana ba.
Yanzu ba ya son kwabon da ya sayi burodi,
ko ya shiga farantin coci, ko ya kwana a tafin yaro.
Wanda hannu bai taɓa ba yake nema,
kuɗin da bai taɓa zama kuɗi ba.

Akwai wani shafaffe, jirgin ruwan bayansa ya kusa nutsewa.
Da shi na biya kuɗin tarago wata safiyar ruwa,
ya riƙe shi, ya cika daga aljihunsa,
ya ce gobe ma in shigo.
Shekara da shekaru yana aljihu na farko.
Bara na tsince shi a kwanon maɓallai.
"Darajarsa ta yi ƙasa," ya ce, bai ko ɗago ba.

A hunturun nan ya sami wanda yake mafarki,
cikin roba a like, kuɗin gyaran rufinmu cif.
Dare uku yana murna.
A na huɗu ya tashe ni: "Zo ki ga, akwai hazo a kansa."
Na duba. Ƙarfe sai walƙiya.
Ya duba wani, hazo. Ya duba fuskata, hazo.
Likita ta ce yana ce ta rufe idon dama.
Na tuna masu gyaran gira, na yi shiru.

Ran Talata za a yi masa aiki.
Ya damƙa mini makullin kabad, da sharuɗɗa bakwai.
Jiya da yamma yana zaune a duhu, hannu ba safa,
na sa masa shafaffen nan a tafi, ban ce komai ba.
Ya murza shi da babban yatsa,
irin murzar da ba ta buƙatar fitila.
"Biyu da rabi," ya ce. "Ina za ki sauka?"
Ruwa na ɗiga a bokitin da ke tsakar ɗaki.