Reshen da Ya Fito ta Ƙasa

A Quillota na saye shi, wata Asabar cikin Yuli,
sanyi na cizon kunne.
Fure na je nema,
sai Herminia ta miƙo mini sanduna uku masu ƙaya,
saiwarsu naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida.
Na ce, "Baiwar Allah, wardi na ce, ba itacen girki ba."
Ko murmushi ba ta yi ba.
Ta kama yatsana ta ɗora kan wani ƙulli
tsakanin saiwa da kara:
"Nan aka yi auren.
Na sama ɗan gata ne, na ƙasa ɗan daji.
Saiwa ake saye, tsoho. Fure biyo baya yake yi."

Matakala ɗari da goma sha huɗu ne zuwa ƙofata a Valparaíso.
Na hau su da tukunyar yumɓu mai kai mini gwiwa,
na sauka, na sake hawa da buhun ƙasa,
na sake, da ruɓaɓɓen takin doki.
Shekara arba'in ina walda a cikin jiragen ruwa,
bayana bai taɓa zagina kamar ranar ba.

Na huda gindin tukunya, na shimfiɗa tsakuwa.
Na koyi tsoma yatsa har gaɓa ta biyu
kafin in ɗauko buta.
Iskar teku ta lashe ganyen fari da gishiri,
na ja tukunyar bayan katanga,
inda rana ke zama daga hantsi zuwa la'asar.
Ƙwari kore suka yi sansani a kan toho,
na wanke su da ruwan sabulu, ina ba su haƙuri.

Cikin Satumba wani reshe ya ɓullo daga ƙasa,
siriri, ganyensa ƙanana, bakwai-bakwai.
Kai, wannan yaro da sauri yake!
Kwana goma ya wuce yayyensa.
Na ɗaure shi a ƙarfen baranda da igiyar takalmi,
na kira maƙwabcina Eladio ya zo ya gani.
Su kuwa sanduna ukun suka tsaya cik,
kamar baƙin da aka manta da su a zaure.

Jikata ta aika wa Herminia hoto.
Amsa ta dawo kafin shayina ya huce:
"Ɓarawo kake kiwo.
Kada ka sa almakashi, zai dawo da ƙannensa.
Tona har tushe, ka fizge."

Kwana uku ina kewaya tukunyar.
Me ya sata? Saiwar ai tasa ce.
Shi ke cikin duhu yana jan ruwa
don wani ya yi ƙamshi a sama.
Na san irin wannan aiki.
Ban taɓa ganin fasinja ya leƙo ƙasan jirgi
ya tambayi wa ya ɗinke ƙarfen da ke riƙe da shi ba.

Rana ta huɗu na tona.
Ya fito da ƙara kamar an ɓalle maɓalli,
ya bar mini ƙaya a babban yatsa,
da 'yar saiwa guda, kamar gashin gemu, a gindinsa.

Nuwamba ta kawo furen.
Takardar da ke wuyansa ta ce ja ne;
ya buɗe da launin ɓawon lemo a hasken magariba.
Ban kai ƙara ba.
Eladio ya sa hanci, ya rufe ido, ya daɗe bai ce komai ba.

A kusurwa, bayan tsintsiya,
akwai tsohon gwangwanin fenti da na huda da ƙusa.
Ganye biyu ya yi zuwa yanzu.
Herminia ta ce ko ya rayu,
furensa ba zai kai bakin kofi ba, kuma mako guda zai yi.
To, na ji.
Shi nake fara ba ruwa.