Taku Goma Sha Tara

Ran da hukumar garin Penafiel ta ɗaye tsohon titin kasuwa
don ta malala kwalta,
babana Anselmo ya tsaya bakin hanya, hula a hannu,
kamar mai rakiyar gawa.
Da yamma sai ga tifa a ƙofar gidana.

Na ce, Baba, ni siminti nake so,
in share, in wanke, in huta.
Ya ce, Graciete, siminti rowa gare shi,
ruwan sama ya yi sallama, ba ya ce masa shigo.

Shekara arba'in da ɗaya yana durƙuso a titunan wasu,
gwiwoyinsa sun yi kanta kamar ɓawon itace.
Yanzu ga shi a tsakar gidana,
bisa guntuwar kujera mai ƙafa ɗaya,
ya kafa turke, ya ja zare
daga bakin ƙofa zuwa gindin ɓaure.

Kowane dutse sai ya juya shi a tafin hannu,
sau biyu, sau uku,
wai yana neman fuskarsa.
In ya gan ta, ya yi masa gurbi a yashi,
ƙwas, ƙwas da ƙaramar guduma,
ya kasa kunne.
Wanda ya zauna daidai, in ji shi, muryarsa daban ce.

Ni dai shayi nake kaiwa, yana hucewa a kan bango.

Ɗiyata Leonor ta tsinto wani fari a cikin tarin baƙaƙe,
ta cusa shi a karkace, a layi na bakwai.
Baba ya dube shi har tsawon kiran ƙararrawar coci.
Bai cire ba.
Sai ya karkato da maƙwabtansa su bi shi.

Ruwan farko na watan Oktoba ya tona asiri:
ɗan tafki ya kwanta kusa da tukunyar furanni.
Da asuba na ji motsi.
Dattijo ne da fitila a baki,
yana tumɓuke aikin kwana biyu,
yana zagin zaren a hankali don kada ya tashe mu.

Duwatsun sun ƙare saura taku uku a kai ɓauren.
Na ce mu sayo sababbi.
Ya ce sabon dutse bai san ƙafa ba,
bari a sake ɗaye wani titin.

Bana gansakuka ta cike tsakaninsu,
tururuwa ta buɗe kasuwarta a layi na huɗu.
Takalmina mai tsini ya maƙale sau biyu,
na ajiye shi.

Baba yana zuwa ran Lahadi, yana dogara sanda.
Yana ƙirga taku goma sha shida,
ya tsaya inda dutse ya tsaya,
ya leƙa ƙasar da ta rage,
ya tambaye ni ko na ji labarin titin bayan asibiti.